Lungun Bayan Lalle

Shekarar da soja suka koma bariki, babban ɗana ya samu aiki, ya ce sai ya sa ƙwayayen lantarki a tsakar gidanmu na Sheshe. Ni dai ranar na gaji. Wuni na yi ina wanki, bayana kamar an daka. Amma ya ce gobe mai haɗa waya zai zo, dole a san inda za a kafa kowane ƙwai.

Ana idar da magariba ya miƙo min fitilar kananzir.

"Umma, ki riƙa ɗagawa inda na ce. Ni zan tsaya bakin zaure in ga iya inda hasken yake kaiwa."

Na ɗaga a ƙofar madafi. Na ɗaga a gindin zogale. Yana ta "Yauwa, nan ma ɗaya."

"Saura bayan lalle, Umma."

Bayan bishiyar lallen nan ta tsakar gida lungu ne, akwai tsohuwar rijiya da aka rufe da katako tun zamanin surukata. Ba ma zuwa wurin. Amma ba ni da ƙarfin musu. Na ja ƙafa.

Kukan gyare ya ɗauke. Warin danshi ya buge ni, haɗe da wani ƙamshi kamar turaren gawa.

"Matsa gaba kaɗan."

Na matsa.

"Kaɗan kuma."

Katako ya yi ƙara a ƙarƙashin silifas ɗina. Sai a lokacin na lura. Muryar ba daga zaure take fitowa ba. Daga ƙasa take.

"Kun haske ko'ina," aka ce a hankali. "Mu kuma ina za mu zauna?"

Fitilar ta mutu.

Na nemi addu'a, harshena ya naɗe. Katakon ya fara lotsawa.

Yaron nan nawa ɗan fari ne, tunda na haife shi bakina bai taɓa kama sunansa ba. Ranar na ajiye kunya.

"Muttaka!"

Ya rugo ya fizgo ni ta zani, katakon ya rufta. Ba mu ji ƙarar faɗuwarsa ba.

Ya rantse min bai ce in je bayan lalle ba. Sallama aka yi a waje, ya fita dubawa, bai tarar da kowa ba.

An sa ƙwayayen, ban da lungun. Rijiyar ma an cike ta da ƙasa. Sai dai yanzu ba na samun barci sosai, don wani lokacin da magariba ina zaune a kan sallaya, bakina a rufe, sai in ji an ƙwala kiran yaron daga bayan lalle. Da muryata.

Na riga na gaya masa, ko kuka ya ji ina yi, in dai da sunansa na kira shi, kada ya amsa.