Ranar da Auta Ta Hana Baba Hutu

Akwai wata yarinya 'yar aji biyar, ita ce ƙarama a gidansu. Kowa Auta yake kiranta. Tana da kai sosai, sai dai akwai garaje. Idan ta sa abu a gaba, ba ta jin kira.

Babanta tela ne. Tun safe yake zama a kan keken ɗinki, ba ya tashi sai yamma. Zaman nan ya sa ya ajiye tumbi.

Wata rana Baba ya dawo daga asibiti fuska ba walwala. Auta tana ɗaki tana aikin makaranta, ta ji yana magana da Mama.

"Likita ta ce jinina ya hau," in ji Baba. "Ta ce in ban rage ƙiba ba, abin zai iya taɓa zuciya."

Auta ta kasa kunne. Maganar Babanta fa ake yi. Ta ajiye biro, ta kasa ƙarasa aikin. Tsoro ya kama ta kada wata rana ta tashi babu Baba.

Washegari ta ari wayar Mama, ta nemi motsa jiki mai rage ƙiba da sauri. Bidiyoyi suka fito rututu. Ta wuce na masu tafiya a hankali. Ta tsaya a kan wani ƙato mai murɗaɗɗen jiki. Shi nasa salon, a yi tsalle da gudu a tsaye da iya ƙarfi, a ɗan huta, a sake komawa. A farkon bidiyon mutumin ya tsaya yana bayani. Auta ta ga surutun ya yi yawa, ta ja ta wuce.

Ranar Asabar da safe Mama ta tafi kasuwa. Auta ta ture teburin falo gefe, ta kira Baba.

"Baba, na samo maka magani."

Baba ya leƙa wayar, ya girgiza kai. "Auta, likita tafiya ta ce in fara da ita, a hankali."

"Haba Baba, tafiya ai ta tsofaffi ce. Ko dai ka tsufa?"

"Wa ya tsufa?" Baba ya yi dariya, ya tuɓe riga. "Lokacin da nake buga ƙwallo ba a ma haifi wannan mutumin ba. Kunna mu gani."

Auta ce take riƙe da waya, ita take faɗin abin da za a yi. Baba ya fara tsalle, tumbi yana rawa, su biyu suna ta dariya. Da aka zo wurin hutu, sai ta sa yatsa ta wuce. A ganinta hutu ɓata lokaci ne. So take Baba ya warke yau yau.

"Ba a hutawa ne?" Baba ya tambaya yana haki.

"Saura kaɗan, Baba. Daure."

Ta sake tsallake hutu na biyu. Zufa ta jiƙa Baba sharkaf. Dariya ta ƙare. Can sai ya tsaya cak, ya dafe ƙirji. Ya miƙa hannu zai kama kujera, bai kai ba. Ya sulale ƙasa.

"Baba?"

Shiru. Idonsa a lumshe, bakinsa a buɗe, numfashi yana fita da ƙyar. A cikin waya ƙaton nan yana ta ihu a ci gaba.

Auta ta saki wayar. Ta girgiza Baba, ta kira shi, bai amsa ba. Hannunsa ya yi sanyi. Ta waiga hagu da dama. Babu kowa a gidan sai ita.

Ta tashi, ta fita da gudu ba takalmi. Ta buga ƙofar maƙwabcinsu direba tana kuka.

"Kawu, Baba ya faɗi! Ba ya magana!"

Direban bai tsaya tambaya ba. Ya kira wani mutum, suka ɗauki Baba suka sa a mota. Auta ta zauna a baya, kan Baba a cinyarta, tana roƙon Allah a ranta.

A asibiti aka shige da Baba, aka rufe ƙofa. Auta ta zauna a benci. Duk wanda ya fito sai ta miƙe, ta duba fuskarsa. Ba a jima ba Mama ta iso, jakar cefane a hannu, maƙwabta ne suka sanar da ita.

"Me ya faru?" in ji Mama.

Auta ta so ta ce ba ta sani ba. Amma ta kasa yin ƙarya. Ta fashe da kuka.

"Ni ce, Mama. Ni na sa shi tsalle. Ya ce zai huta, na hana shi."

Mama ta jawo ta jikinta. Suka ci gaba da jira.

Can likita ta fito. "Ya farfaɗo," in ji ta. "Allah ya taƙaita. Amma yau ya taki sa'a, kada a sake."

Mama ta ba likita labari, Auta ta ƙara da yadda ta wuce bayanin farkon bidiyon da hutun. Likita ta durƙusa gaban Auta.

"'Yata, irin wannan motsa jikin yana da amfani, amma ba na kowa ba ne. Mai hawan jini ba ya fara shi sai likita ya duba shi. Ko mai lafiya ma, hutun nan ba ado ba ne. A lokacin ne zuciya take samun sarari. Bayanin da kika wuce, irin wannan gargaɗin ake yi a ciki."

"Na so ya warke ne da wuri," in ji Auta.

"Na sani. Sai ga shi garin neman gira an kusa rasa ido."

Aka bar su suka shiga. Baba yana kwance, an sa masa ƙarin ruwa. Auta ta tsaya a bakin ƙofa, ta kasa haɗa ido da shi.

"Zo nan, Auta."

"Baba, ka yafe mini."

"Na yafe. Ni ma da laifina. Da kunnena na ji maganar likita, amma na biye wa son burgewa." Ya kama hannunta. Wannan karon hannunsa da ɗumi.

Da aka sallami Baba, likita ta tsara masa abin da ya dace da shi. Kullum da yamma yana fita tafiya, Auta tana gefensa. Su ɗan ɗaga ƙafa, su sassauta, su zauna su huta. Bayan 'yan watanni likita ta auna shi, ta yi murmushi, ta ce jinin ya sauka.

Tun daga nan Auta ta gane ba duk abin da aka gani a waya ne ya dace da kowa ba. Maganar lafiya, masani ake tambaya kafin a fara. Kuma sannu ba ta hana zuwa.