Notin da Ya Yi Saura

Ranar Litinin da safe Dogo ya jawo durowar teburinsa, ya tarar wayar da wata Malama ta kawo gyara ba ta ciki. Wayoyi shida ya kulle ranar Asabar da yamma, biyar ya samu. Kwaɗon ƙofa lafiya lau, taga lafiya lau, bakin durowar ma babu ko ƙwarzane. Kafin rana ta take Malama ta kai ƙara ofishin 'yan sanda, aka turo Saje.

Saje mutum ne da shekara biyu suka rage masa ya ajiye kaki. Ba ya son doguwar magana, gwiwarsa kuma ba ta son bene. Shagon yana hawa na biyu a ginin kasuwa, ɗaki ɗaya da tebur biyu. Na dama na Injiniya ne, wan Dogo, wanda ya shekara ashirin da biyu yana gyaran kwamfuta. Na hagu na Dogo ne, mai gyaran waya. A saman ƙofa akwai tsohon allo, GYARAN KWAMFUTA. A ƙasansa an manna takarda da rubutun hannu, "da waya da tabulet". An taɓa yaga takardar, an sake liƙe ta da gam.

Malama na tsaye a bakin ƙofa, goye da 'yarta.

"Nawa ne kuɗin wayar?" in ji Saje.

"Ba ta da kuɗi, Yallaɓai. Tsohuwa ce, fuskarta ma a tsage take. Ta maigidana ce." Ta gyara goyon. "Wata huɗu ke nan da rasuwarsa. Da yana kwance a asibiti ya riƙa naɗar muryarsa saboda yarinyar nan, in ta girma ta ji. Guda goma sha ɗaya. Babu su a ko'ina sai a ciki."

"Kin saurare su?"

"Goma. Na ƙarshen ina ajiye da shi."

Saje bai rubuta wannan ba. Ya juya ga Dogo.

"Wa ke da makullin ƙofa da na durowa?"

"Ni da Yaya."

"Me ya samu wayar?"

"Ta daina ɗaukar caji ne kawai. Bakin cajin za a canja, aikin rabin awa. Ban ma buɗe ta ba. Sabon bakin ya iso ranar Asabar ina shirin rufewa, na haɗa su a durowa."

"Ina sabon bakin?"

Dogo ya sa hannu ya lalubi durowar har ƙurya. Ya daɗe yana lalube.

"Shi ma babu."

Saje ya dubi wayoyi biyar ɗin da aka bari. Kowace a cikinsu ta fi ta marigayin tsada nesa ba kusa ba. Ya rubuta layi ɗaya a littafinsa.

Injiniya na zaune, tabarau a kan hanci, teburinsa wayam. A bayansa kanta ce cike da tsofaffin akwatunan kwamfuta da masu su ba su dawo sun karɓa ba.

"Kai fa, Injiniya?"

"Ni ba na taɓa waya. Tambayi kowa a ginin nan." Ya cire tabaran ya goge. "Tun farko na faɗa masa. Kwamfuta in ta zo, sai ka buɗe ka cire ma'ajiyarta ka miƙa wa mai ita, ya tafi gida da kayansa, kai ka yi aikinka hankali kwance. Waya kuwa komai a manne yake wuri ɗaya. In ta mutu a hannunka, ta mutu da rayuwar mutum a ciki. Na ce kada mu ɗauko wannan nauyin. Ya ce zamani."

"Zamanin ne ke kawo mana mutane, Yaya," in ji Dogo a hankali.

"Ke kawo maka."

Malama ce ta ambaci ƙanin marigayi. Ta ce ranar Asabar ya biyo ta har shagon yana faɗa, wai waya kayan gado ce. Saje ya same shi a wurin aikinsa, yana wanke mota.

"Ka je shagon ranar Asabar?"

"Na je."

"Ka ce ko ta halin ƙaƙa sai ka karɓi wayar."

"Na faɗa. Baki ne." Ya matse tsumma, ruwa ya zuba a kan takalminsa. "Yallaɓai, ɗaki ɗaya muka tashi da shi. Ranar da ya rasu ina hanya, ban riske shi ba. Sau uku ina roƙonta ta bar ni in ji muryarsa ko sau ɗaya, ta ce ba ni aka yi wa ba. Da ni na ɗauka, da ba a nan za ka same ni ba. Da ina ɗaki na kulle ƙofa."

Ranar Lahadi kuwa tun safe har magariba yana nan wurin wankin, mutum huɗu suka shaida. Makulli ba shi da shi. Saje ya ja layi a kan sunansa.

Maigadin ginin tsoho ne mai rediyo a kunne.

"Ranar Lahadi wa ya hau bene?"

"Kasuwa a rufe take. Baƙo dai ko ɗaya bai hau ba. Ni ƙuda ma sai ya gaishe ni kafin ya wuce."

Da Saje ya koma ofis, shugabansa bai ko ɗaga kai daga kwamfutarsa ba. Ya ce mai makulli da mai durowa mutum ɗaya ne, a kawo Dogo gobe ya kwana biyu a bayan kanta, zai tuna inda ya kai ta. Saje ya zauna ya buga rahotonsa da yatsa biyu, kamar kullum, yaran ofis na kallonsa suna son ba shi taimakon da bai nema ba.

Talata da hantsi ya sake hawa benen, bayan ya ɗan tsaya wurin maigadi. Ya tarar Dogo ya buɗe wata waya.

"Ƙarasa," in ji Saje. "Ba na sauri."

Ya tsaya yana kallo. A gaban Dogo akwai wani faifan roba da aka zana wa gidaje kamar dara. Duk notin da ya kwance sai ya ɗauke shi da hantsaki ya ajiye a gidansa, maganaɗisun faifan ya kama shi.

"Me ya sa ba ka tara su wuri ɗaya?"

"Ba tsayinsu ɗaya ba. A ido kamar ɗaya suke, amma wani ya fi wani da kaurin gashi. In ka sa dogo a ramin gajere, zai wuce ya huda injin wayar. Shi ke nan."

"Na kwamfuta fa?"

"Waɗannan kusan duk ɗaya ne. Ka zuba a murfi, ka ɗauki wanda hannunka ya kai."

Saje ya ja kujera ya zauna a gaban teburin Injiniya, kamar gwiwa ce ta dame shi. A gefen teburin akwai murfin gwangwani cike da baƙaƙen notuna. Ya jawo shi, ya riƙa motsa su da bayan biro. Can a ƙasa ya hango wani abu fari, bai fi ƙwayar riɗi ba. Ya lashi yatsa ya ɗauko shi, ya ɗora a kan farar takarda.

"Wace kwamfuta ce ke cin wannan, Injiniya?"

Dogo ne ya miƙe, har kujerarsa ta faɗi.

"Ni na ɗauke ta, Yallaɓai. Na sayar. Mu tafi."

"Wa ka sayar wa?"

"Wani mutum."

"Nawa?"

"Ban tuna ba."

"Ka haɗa masa da sabon bakin caji, kyauta?" Saje ya girgiza kai. "Ɗaga kujerarka ka zauna. Tun jiya ka sani, tun da ka lalubi durowar nan."

Ya juya ga Injiniya, bai ɗaga murya ba.

"Ɓarawo ba ya barin waya biyar masu tsada ya ɗauki mai tsagaggiyar fuska. Ba ya kuma ɗaukar kayan gyara. Wanda ya ɗauki wayar nan gyara ya yi niyya. Ƙaninka ba ya bukatar ɓoyewa kafin ya yi gyara, aikinsa ne. Da shi ya buɗe ta, da notin nan yana gidansa a kan faifai. Wanda ya zuba su a murfi, hannunsa da kwamfuta ya saba. Na sake tambayar maigadi yanzu, ban ce baƙo ba, na ce masu makulli. Ya ce ka hau ranar Lahadi da hantsi, ba ka sauko ba sai da la'asar."

Ya tashi ya je gaban kanta. Akwatunan duk sun yi ƙura, har ana iya rubutu a kansu. Guda ɗaya ne, na uku daga ƙasa, gefensa ke ɗauke da shatin yatsu.

"In buɗe, ko za ka buɗe?"

Injiniya ya tashi da kansa. Ya sauko da akwatin, ya kwance murfin gefen ba tare da ya duba ba, hannun ya san hanya. Wayar na ciki, naɗe a hankici.

"Mako uku," in ji shi, yana kallon tebur. "Mako uku ko kwamfuta ɗaya ba a kawo ba. Mutum zai shigo, ya gaishe ni, ya ce Baba ina mai wayar. Ni na koya wa yaron nan riƙe sukurdireba. Ni na raine shi bayan mahaifinmu." Ya warware hankicin. "Na ji ya ce aikin rabin awa ne. Na ce bari in gwada babu mai kallona. In na iya, sai in san ban ƙare ba. Na canja bakin, na rufe, noti ɗaya ya yi saura. A kwamfuta noti ɗaya ba komai ba ne. Ta ƙi kawowa. Na sa mata caji. Ta yi zafi a hannuna, na ji ƙauri."

"Da ka ce in nuna maka, Yaya," in ji Dogo.

"Da wane bakin?"

Dogo ya karɓi wayar. Ya buɗe ta a ƙarƙashin madubin ƙara girma, ya kwance notunan ɗaya bayan ɗaya, yana auna kowane. Da ya zo na biyar ya tsaya. Dogon noti ne a ramin gajere. Ya kira Saje ya leƙa. Rami ne ɗan ƙarami, kewayensa ya yi baƙi, ƙunar ta bi ta cinye wani ɗan murabba'i da ke gefe.

"Mene ne wannan?"

"Nan ne take ajiye komai."

Duk da haka bai haƙura ba. Ya yi awa biyu a kai, yana gwada wannan yana gwada wancan. Saje na zaune. Injiniya na tsaye a bayan ƙaninsa, karo na farko, yana kallon yadda ake yi. Daga ƙarshe Dogo ya ajiye hantsaki ya kashe fitilar teburinsa.

Saje ne ya kira Malama. Ta zo daga makaranta, da alli a hannun rigarta, yarinyar na barci a baya. Ya faɗa mata komai a taƙaice, a tsaye. Ba ta yi kuka ba. Ta dubi Dogo.

"Ka yafe ni. Kwana biyu ina kai ƙararka wurin Allah."

Sannan ta dubi Injiniya. Ya buɗe baki, ta ɗaga hannu.

"Baba, da ka faɗa mini tun ranar Litinin, da na yi kukana sau ɗaya. Ka bar ni ina sa rai."

"Malama," in ji Saje, "ƙara taki ce. In kin ce a tafi da shi, za a tafi da shi."

"In an rufe shi zan ji na goma sha ɗayan?"

Dogo ya mayar da kowane noti ramin da ya dace, ya rufe wayar, ya goge fuskarta da gefen rigarsa, ya miƙa mata da hannu biyu. Ta saka a jaka. Har ta kai ƙofa ta juyo.

"Ku gaya wa ƙanin maigidana ya zo gida. Goman da na ji, na haddace su. Zan faɗa masa."

Idonta ya sauka a kan farar takardar da ke teburin Injiniya. Dogo ya manta da ɗan notin, yana nan inda Saje ya ajiye shi.

"Wannan ma na wayar ne?"

"Nata ne," in ji Saje.

"Ba ni. Kayansa ne."

Saje ya naɗe takardar sau huɗu don kada notin ya faɗi, ya sa mata a tafin hannu.