Almakashin Baba da Furen Umma

Ta shigo wurin sayar da furanni rungume da tukunya, kamar mai kai jariri asibiti. Saurayin da ke ban ruwa ya ɗago ya dube ta, ya manta da tiyon da ke hannunsa har sai da ya jiƙa takalminsa sharkaf.

"Sannu da aiki. Don Allah duba min wannan," ta ce. "Okid ne, na Ummata. Tun da ta rasu bai ƙara yin fure ba."

Ya yi mata ta'aziyya, ya karɓi tukunyar, ya shafa ganyen. Masu kauri ne, kore shar har da duhu-duhu.

"Ranki ya daɗe, wannan ai ya fi ni lafiya. Ina kuke ajiye shi?"

"A ɗakin Baba, kusa da gadonsa. Labule a sake, kada rana ta taɓa shi. Taki kuwa ba ya yankewa."

"Kun shagwaɓa shi ne kawai," ya ce yana murmushi. "Ya ƙoshi, sai ganye yake ta yi. Ki mayar da shi bakin taga inda hasken safe ke shiga, ki rage takin, ki bar iska mai sanyi tana ratsa shi. Saiwoyin nan da ke leƙowa waje kuma, a daina yanke su."

Ta ji ta farko, ta ji ta biyu da ta uku. Ta ƙarshen kam ta wuce ta bayan kunnenta, don a lokacin hankalinta yana kan wani ɗan rami da ke lotsawa a kumatunsa idan ya yi murmushi.

"Sai ki ba ni lambarki, in riƙa bin lafiyar majinyacin."

Ta san dabara ce. Ta ba shi duk da haka.

Ko gida ba ta kai ba saƙo ya shigo: "Likitan ganye ne. Ya jikin majinyaci? Ya kuma mai jinya?"

Ta amsa: "Majinyaci da sauƙi. Mai jinya ba ta ce tana ciwo ba."

"To ni ke ciwon, Haskena. Tun ɗazu."

Haka abin ya faro, kuma kafin wani lokaci ya yi nisa.

Babanta mai aski ne, mutum mai tsabta har ta yi masa yawa. Ba ya iya ganin gashi ɗaya ya fi 'yan'uwansa tsawo, ko zare yana lilo a bakin riga, sai ya zaro almakashi daga aljihu. Ita kaɗai Allah ya ba shi, kuma tun rasuwar matarsa abu biyu ya riƙe a duniya: 'yarsa da tukunyar nan. Da ƙyar ma ya yarda aka kai ta tagar falo.

Ranar da ta yi masa zancen saurayin, sai ya ɗaure fuska.

"Mai ban ruwan nan? Ya ce haske, an ba shi haske. Ya ce a rage taki, an rage. Ina furen? Mutumin da ya kasa da tukunya ɗaya, shi zan ba 'yata?"

"Baba, ai sai lokacin sanyi ya…"

"To shi ke nan. Ranar da furen Ummanki ya buɗe, ya turo manyansa. Kafin nan kada in ƙara ji."

Gwaggonta ta ga ƙofa ta buɗe, ta turo ɗan ƙawarta, ma'aikacin banki mai mota. Bawan Allah ya zo da wani okid sabo dal, furanni reras. Baba ya dube shi sau ɗaya ya ce, "An gode, amma wannan ba nata ba ne." Yarinyar ma ta yi godiya, ta ba shi haƙuri, ya tafi da abinsa.

Ta rubuta wa nata: "Likitana, ina tsoro. In bai yi fure ba fa?"

"Zai yi, Haskena. Ganyen ya fara washewa, alama ce mai kyau. Ni dai ina nan, ko shekara nawa ce."

Da sanyi ya shigo, wata safiya ta hango wani ɗan tsiro ya leƙo daga tsakanin ganye. Ta ɗauki hotonsa ta tura wa likitanta.

Amsa ta zo nan take: "Shi ne! Dubi bakinsa a baje yake. Na saiwa a mulmule yake. Wannan karan fure ne. Kada kowa ya taɓa shi!"

Ta yi niyyar ba Baba mamaki, don haka ta yi shiru da bakinta.

Washegari ta fito da kofin shayinsa, ta tarar da shi a bakin taga, almakashi a hannu. Ɗan tsiron yana kwance a kan dakalin tagar.

Ta dire kofin.

"Baba! Ashe da gangan kake yi? In ba ka so in yi aure, ka faɗa min mana. Me furen Umma ya yi maka?"

"Wane fure? Saiwa ce ta fito ba kan gado, na gyara masa. Ai kullum haka nake yi."

Ta miƙa masa wayar tana kuka. Ya sa tabarau ya karanta, ya sake karantawa, sannan ya ɗauki tsiron ya duba bakinsa. A baje yake. Ya zauna a kujera a hankali.

"Na biyu ke nan," ya ce, murya ƙasa-ƙasa. "Akwai wani da na yanke kwanakin baya. Wallahi 'yata ban sani ba. Ummanki ce ke hana ni taɓa shi. Da ta tafi, babu mai hana ni."

Sai a lokacin maganar likitanta ta ƙarshe ta faɗo mata. Tausayin mahaifinta ya kama ta, kunya ta rufe ta. Ta durƙusa ta riƙe gwiwarsa.

"Ka yafe min, Baba. An faɗa min tun ranar farko, ni ce na manta ban gaya maka ba."

Ranar Baba bai buɗe shago ba. Ya naɗe tsiron a hankici, ya ce ta raka shi wurin furannin. Saurayin ya zube ya gaishe shi, Baba ya warware hankicin a gabansa.

"Yaro, zai sake fitowa?"

"Da yardar Allah, Baba. Amma ba zan yi maka ƙarya ba, watakila sai wani sanyin."

"Kuma za ka jira?"

"Zan jira."

Baba ya juya ya daɗe yana kallon 'yarsa, idonsa ya cika.

"Furen ya yi nasa, ya fito har sau biyu. Ni ne na hana. Ba zan sa ta biya laifin almakashina ba. Ka turo manyanka."

Aka ɗaura aure tukunyar na nan da ganyenta zalla. Ango ya so a bar wa Baba ita, amarya ma haka. Da za ta tafi, Baba ya dafa kanta ya yi ta sa mata albarka.

Sanyi ya zagayo. Wata safiya suna karyawa wayarta ta yi ƙara. Hoto ne ya ɗan karkace, irin na wanda bai saba ɗauka ba: farin fure ya buɗe a bakin taga, wasu na biye da shi a kan karan. A ƙasa Baba ya rubuta:

"Na Ummanki ya buɗe. Almakashin a shago yake kwana yanzu. Ku zo ku gani, ke da mijinki. Allah ya yi muku albarka."