Ƙauri a Ƙarƙashin Gado

Rana ta yi ja, inuwar katanga ta cinye tsakar gida, amma a cikin ɗaki Yaya ba ta gama da kan ƙanwarta Auta ba. Sabon ƙarfen miƙar da gashi ta samu, mai aiki da lantarki, ɗoki kuwa ya hana ta sakat. Sai ta tsaga gashin da mataji, ta shafa mai, ta matse shi a bakin ƙarfen, ta ja a hankali, siririn hayaƙi yana tashi. Sau biyu Mama tana magana daga kicin: “Ku bar taɓa kai, magariba ta kawo jiki.” Amma Yaya, in ta ƙwallafa rai a kan abu, kunnen ƙashi gare ta.

Gefe ɗaya kawai aka gama suka ji takun Mama. Auta ta ruga alwala. Yaya ta fizge waya daga bango, ta cilla ƙarfen da zafinsa ƙarƙashin gado, ko bisimilla babu. Wani kuka ya fito daga can ciki, irin na jariri, ya katse. Ita kaɗai ta ji, ta ja bakinta.

Washegari, daidai wannan lokaci, aka fara jifan rufin gidan. Baba ya zagaya bai ga kowa ba. Ƙaurin gashi ya cika ɗakin, turare ya kasa korarsa. A rana ta uku Auta ta daina magana, sai dai ta zauna bakin gado tana jijjiga hannuwa kamar mai rarrashin jariri, gashinta yana zuba a kan matashi. Yaya tana gani, tsoro da kunya suna cin ta, ta kasa faɗin abin da ta yi.

Kwana bakwai aka yi kafin Baba ya zo da wani malami mai ruƙiyya. Ya zauna gaban Auta ya fara karatu, bai ɗaga murya ba. Can yarinyar ta ɗago kai, muryar wata babbar mace ta fito daga bakinta.

“An ƙona min kan 'yata tana barci. Na bi ƙauri, a kan wannan na same shi. Ku ba ni gashinta duka in rufe wa tawa tabo, sai in tafi.”

“Ko sili ɗaya ba za ki samu ba,” in ji malam. “Yarinyar nan ba ta san hawa ba, ba ta san sauka ba.”

“To wa ya sani?”

 Yaya ta durƙusa tana kuka.

“Ni ce. Na ji kukanta, na yi shiru. Ki yi haƙuri, ki ɗauki nawa ki saki ƙanwata.”

Idanun Auta suka daɗe a kanta, sannan muryar ta ce:

“Riƙe gashinki. Kwana bakwai ina jiran a ce min sannu. Ba a koya muku ba ne a gidan nan?”

Mama ta sunkuyar da kai. Malam ya ci gaba da karatu har Auta ta yi atishawa sau uku ta sulale. Da ta farfaɗo, ta shafa kanta, ta dubi yayarta.

“Yaya, ɗaya gefen fa? Haka za ki bar ni?”

Yaya ta rungume ta, ta ce, “Gobe da hantsi.”