Goro Biyu da Rabi

Ranar Alhamis da yamma Malam Datti ya dawo daga ofis da wani abu a aljihu. 'Yarsa Sa'adiya ta tare shi tun daga ƙofar gidansu a Abakpa.

"Baba, sannu da zuwa! Mene ne wannan?"

"Kalkuleta ce, na'urar lissafi. Ta ofis ce, aro na yi."

Abin bai wuce tafin hannu ba. Da Baba ya danna, sai jajayen lambobi suka haska. Sa'adiya ta daka tsalle. Ta ba na'urar wani lissafi da ya gagari 'yan aji biyar gaba ɗaya. Kafin ta ƙifta ido amsa ta fito.

"Kai! Baba, wannan ai ta fi kowa basira a Kaduna!"

Baba ya yi dariya. "Ki yi wasa da ita, amma a hankali."

A makon nan gidan cike yake da murna. Inna ta haifi namiji, kuma ranar Asabar za a yi suna. Da safiyar Juma'a Kaka Kulu ta kira Sa'adiya. Ta ajiye mata goro ƙwarya ɗaya, wato guda ɗari.

"Ga goron gayyata. Ki jira ni in gama dafa ruwan wankan mai jego, sai mu raba tare."

Ina Sa'adiya, ina jira? Abin nema ya samu. Ta ƙirga gidajen da za a kai wa, ta samu arba'in. Ta ɗauko kalkuleta ta danna. Amsa ta fito: biyu da ɗigo biyar.

"Biyu da rabi ke nan!" in ji ta. "Yau za a ga rabo na adalci."

Ta zauna ta ɓare goro ashirin. Ta ƙulla wa kowane gida biyu da ɓari a takarda. Ta jera a tire, ta fice ko sallama babu.

Gidan Iya Indo ta fara zuwa. Iya Indo ita ce ungozomar unguwa. Ita ta karɓi haihuwar jaririn, kuma ita za ta riƙe shi ranar suna a yi masa aski.

Tsohuwa ta kwance ƙullin. Ta dubi goron, ta dubi yarinya. Ɓarin har ya fara yin ja.

"Ni aka aiko wa wannan?"

"I, Iya. Kowa haka zai samu, ba a cuci kowa ba."

"Ni da na kwana a kan uwarki, ni za a ba ragowar wani? Mayar musu da kayansu. Ki ce su nemi mai riƙe musu yaro gobe."

Nan take murna ta koma ciki. Sa'adiya ta dawo gida da gudu tana kuka. Tsoro ya kama ta, domin yin suna babu Iya Indo abin kunya ne ga gidansu.

Kaka Kulu ta ga ɓararren goro, ta riƙe baki. "Oho, Malama ta yi aiki! Yaushe aka fara gayyatar mutane da ɓari?"

"Na'ura ce ta ce haka," in ji Sa'adiya. "Ƙarya ta yi mini!"

Baba ya fito daga ɗaki, ya zauna kusa da ita.

"Ba ta yi ƙarya ba. Me kika tambaye ta?"

"Ɗari a raba gida arba'in."

"To, amsar ke nan. Yanzu tambaye ta wace ce Iya Indo."

Sa'adiya ta dubi maɓallan. Lambobi ne kawai.

"Ba ta sani ba, Baba."

"Ke fa?"

"Na sani."

"To, faɗa mini abin da kika sani game da sauran gidajen."

Sa'adiya ta share hawaye. Ta fara a hankali, sai magana ta ɓalle mata. Gidan Liman kullum da baƙi, ya kamata a ƙara musu. Gidan su Husaina iyali huɗu ne a ciki. Ila tela shi kaɗai yake zaune, goro ɗaya ya ishe shi. Mama Ladi ba ta cin goro, alawa take so.

Can sai ta miƙe zumbur. "Kaka! Ɓararrun nan a ba masu girkin suna. Ai da ma ɓarewa suke yi kafin su ci!"

Kaka ta tafa hannu. "Ashe dai akwai kai a wuyan nan!"

Suka sake rabo, kowane gida gwargwadonsa. Da suka gama, Baba ya miƙa mata kalkuleta. Ta tara duka, don kada rabon ya wuce tamanin ɗin da suka rage. Na'ura ta nuna ya yi daidai.

Sa'adiya ta zaɓi fararen goro goma masu kyau. Ta koma gidan Iya Indo, ta durƙusa har ƙasa.

"Iya, ki yafe mini. Ba Kaka ce ta aiko da wancan ba. Ni ce na yi gaggawa, na bi na'ura ban yi tunani ba."

Iya Indo ta karɓi goron, ta duba. Sai tsohuwa ta fashe da dariya.

"Tashi, 'yar nan. Wanda ya gane kuskurensa ya gyara, ai shi ne mai hankali."

Washegari da sassafe Iya Indo ce ta fara shigowa gidan. Ta rungumi jariri, wanzami ya yi aski, mata suka rangaɗa guɗa. Daɗi ya cika Sa'adiya har ta rasa inda za ta sa kanta.

Daga ranar ta gane cewa na'ura tana da sauri, kuma tana amsa abin da aka tambaye ta daidai. Amma sanin mutane da abin da ya dace da kowa, wannan aikin hankalin ɗan Adam ne.