Rumfar 'Yan Damagaram

Ranar da Ma'azu ya fara ganin Zuhura, igiyar awo ce a hannunsa, ita kuwa wuƙar yankan fata. Baffansa Sadisu ne ya turo shi ya auna rumfar dukancin mahaifinta a bakin kasuwar Tahoua.

"Auna mi? Nan anka haifi babana!" ta ce, idanunta jawur.

Ya naɗe igiyarsa sum-sum. Washegari sai ga shi, wai takalminsa ya tsinke. Takalmin nan sai da ya tsinke sau shida.

Kakanta daga Damagaram ya zo, kakan Ma'azu ya ba shi filin da baki, babu takarda. Don godiya, duk sallah sukan ɗinka takalma su kai gidan su Ma'azu. Shekara hamsin! Abin haushi, alherin nan Sadisu ya mayar hujja, wai mai kai wa mai ƙasa abu duk shekara ɗan aro ne. Filin kuwa a gadon Ma'azu ya faɗo, tunda mahaifinsa ya rasu.

Da aka je neman aure, Malam Ciɗo, mahaifinta, ya fatattaki 'yan aike. Sadisu kuma ya shiga gari yana cewa, "Ku bar shi shi ɗauko ta, rumfa ta dawo gida ba shari'a."

Ranta ya yi mummunan ɓaci. Ta rubuta wa Ma'azu: "Ashe fili kake so, ba ni ba. Baƙi ne mu, amma ba wawaye ba. Kada ka ƙara ce min Zuzu."

Kwana huɗu shiru, tana yanka fata kamar da ita take faɗa. Rana ta biyar saƙo ya shigo: "Zuzu, takardar filin tana hannun babanki, da sunansa da hatimi. Ko kin ƙi ni, rumfa taku ce."

Ta karanta sau uku, ta fashe da kuka.

Malam Ciɗo ya sauko, aka sa rana. Sadisu ya rantse ba zai taka wurin ɗaurin aure ba, ya kuma hana dangi. Ran Juma'a liman ya nemi wakilin ango, babu wanda ya fito, Ma'azu ya sunkuyar da kai. Sai Souleyman, ƙanen Malam Ciɗo, ya tashi daga cikin dangin amarya ya koma gefensa ya zauna.

"Ni na wakilinai. Kakanai ya ba mu wurin zama, mu ma mun ba shi."

Aka shafa fatiha. Allah ya ba su zaman lafiya da zuri'a mai albarka.