Ɗakinsa Ne Ko Ɗakinta

Ranar da Hafizu ya fara ganin Tahira, tsaye take a bakin shagonsa na unguwar Zariya, tana karanta allon tallarsa fuska a ɗaure. Sana'arsa ƙawata ɗakuna: labule, kujeru, fenti. 'Yan Katsina, can ƙetaren iyaka, sun fara nemansa ta waya, shi ya sa ya koma rubuta bayanin aikinsa da Ingilishi, alhali Faransanci ya yi a lakwal, wato makarantar boko.

Ta ce ita malamar Ingilishi ce, kuma "curtain white" da ya rubuta a matsayin farin labule ba magana ba ce. A wannan harshe siffa ke gaba. Ya ce to ta ɗauke shi ɗalibi. Ba ta yi dariya ba, amma washegari ta dawo da jan biro.

Wata biyar tana gyara masa rubutu, har zukata suka haɗu. Kuskure ɗaya ne ya ƙi barinsa, wato "his" na namiji da "her" na mace. Faransanci ya saba masa da bin jinsin kaya, a can kuwa kalmar ɗaki mace ce.

"Mai ɗakin ake dubawa, ɗalibina, ba ɗakin ba," in ji ta kullum.

Mahaifinta Malam Idirisa, manomin rani a Jiratawa, ya ce bai yarda da mutumin da abincinsa ke cikin ɗakunan matan mutane ba. Ya fi son Bilal mai sayar da taki, wanda shi ma ke nemanta.

Ana haka Hafizu ya yi mako guda a garin Tsibiri. Da ya dawo ya ɗora hoton wani ɗaki a shafinsa na intanet, ya rubuta: "I made her room with all my heart." Bilal ya kai wa Malam Idirisa wayar har gona, ya fassara masa: ɗakinta, da dukan zuciyarsa. Dattijo ya ce magana ta ƙare. Tahira ta kwana uku ba ta ɗaga kiran Hafizu ba.

Sai saƙo ya shigo: "Malamata, me na yi? In kuskure ne, sa mini jan biro. Shirunki ya fi shi ciwo."

Ta buɗe hoton don ta goge, sai ta tsaya. Gado gajere. Ƙarfen dafawa tun daga gado har ƙofa. Hula a kan ƙusa, sanda a jingine.

Ta rubuta: "Ɗakin wa ne?"

"Na mahaifina ne, Baba Maliki. Idonsa ya tahi, na shirya mishi yadda ba zai yi tuntuɓe ba."

Ta daɗe tana hawaye. Ita da ta fi kowa sanin wannan kuskure, ita ta fara yanke hukunci. Ta durƙusa gaban mahaifinta ta yi bayani. Ya ce shi bai san harshen kowa ba, idonsa zai kai.

Ya hau babur zuwa Tsibiri. Ya tarar da tsoho yana bin ƙarfen nan shi kaɗai zuwa alwala, yana sa wa ɗansa albarka. Da ya dawo bai tsawaita ba.

"Wanda ya yi wa ubansa haka ba zai bari ki faɗi ba. Ki ce ya turo magabatansa."

Bayan girbin gero aka ɗaura aure. Da aka kai amarya, ta ga 'yar takarda liƙe a ƙofa: "Our room." Ɗakinmu.

Hafizu ya miƙa mata jan biro. Ta duba, ta mayar masa.

"Wannan babu gyara, ɗalibina."

Allah ya ba su zaman lafiya da zuri'a mai tausayin iyaye.